Waƙar Rabin Mataji

Shafi na 14

Masu yi min ƙorafi wai na bar ku a tsaye jiya, ku yi haƙuri, ni ɗin ma ban samu wurin zama ba. Loretta ce dai taku, kun san ni da baki, amma abin da Gwaggo Mena ta faɗa min sai da ya sa na yi shiru yini guda.

Wanda bai ga shafin jiya ba, ga inda muke. Shekarata arba'in da ɗaya, ban taɓa jin mahaifiyata ta rera waƙa ba. Ko a coci leɓe kawai take motsawa. A ƙauye irin namu Kelvy, inda ko mai muryar kwaɗo yana da baiti biyu da yake razana yara da su, ni na ɗauka Allah ne bai ba ta ba. Ashe ya ba ta har ya yi yawa.

Ƙanwar Baba ce, Gwaggo Mena, ta kwance min zancen muna shanya. Ta ce Mama tana amarya, sati uku da kawo ta daga can gaɓar kudu, aka taru a kicin ɗin kakata wata Lahadi da yamma cikin kwanakin Kirsimeti, aka yi ta lallaɓa ta ta yi waƙa. Ta rufe ido ta ɗauko Waƙar Rabin Mataji. Ba wanda ya gaya mata cewa wannan ta Kawu Leander ce, wani maƙwabcinmu da ke zaune a wurin. Ba shi ya ƙirƙira ba, kakanni ne suka tsallako teku da ita daga Ireland, amma da shi aka san ta. Waƙar da aka san mutum da ita kuwa ba a taɓa ta yana raye, balle yana zaune gefen murhu yana kallon ki. Kafin ta kai ƙarshe ya miƙe ya fice, ko hularsa bai ɗauka ba. Kakata ta ja ta gefe ta ce ta zubar wa gidan mutunci. Tun daga ranar Mama ta rufe bakinta, shi ma bai ƙara rera waƙar ba.

Shekara arba'in da uku ke nan. Ranar Juma'ar nan kuma 'yarsa za ta zo ta ɗauke shi zuwa Alberta, can ɗaya ƙarshen ƙasar, ba kuma dawowa zai yi ba.

Ni ko na ce ba zai hau jirgin fito ba sai ya ji ta bakina.

*

Da safe na tura ƙofarsa na shiga. Kwalaye ko'ina. An sauke agogon bango, an naɗe labule, buta ce kawai aka bari a kan murhu. Yana zaune a kujerarsa da sanda tsakanin gwiwoyi, shekara tamanin da bakwai, duk ya ƙanƙance a cikin rigar sanyi.

Ya ɗago ya dube ni ya ce na shigo da fuskar kakata, Allah ya jiƙanta, wa ya taɓo ni da sassafe.

Na ce ba wasa ya kawo ni ba.

Ya ce ya ga alama, amma ko faɗa ne ai a fara shan shayi.

Ban zauna ba. Duk abin da na tsara a hanya na zazzage masa. Na ce yarinya ce 'yar shekara ashirin, baƙuwa, ba ta san kowa ba, ba ta san dokarku ba. Na ce ko sata ta yi ai da tuni ta gama zaman gidan yari. Na ce na yi ƙuruciya ba a taɓa yi min waƙar barci ba, na haifi nawa biyu kakarsu ba ta taɓa yi musu ba, duk saboda shi da girman kansa. Har cewa na yi ya tattara waƙar tasa ya sa a kwali ya tafi da ita, ya ga ko a Alberta akwai mai so.

Wannan ta ƙarshen na yi nadamarta tun kafin ta gama fita.

Bai katse ni ba. Sai da na yi shiru don kaina, sannan ya tura min kujera da bakin sandarsa.

"Kin san waƙar?"

Na ce ina zan san ta, tunda masu ita biyu duk sun ƙulle baki.

Ya gyaɗa kai. Ya ce labarin wani saurayi ne da zai tsallako nan wurinmu kamun kifi. Ranar tafiya ya karɓi matajin budurwarsa ya karya biyu, ya ba ta rabi ya sa rabi a aljihu, ya ce kafin sanyi ya shigo zai dawo su haɗa. Jirginsu ya daki dutse. Ita kuma kullum sai ta fito bakin ruwa da rabin matajinta tana duban hanya. Baiti ashirin da ɗaya. A na ƙarshen tana nan tsaye, an ce mata ya mutu ta ƙi yarda. A nan mai waƙa yake sauke murya ya faɗi layin ƙarshe da baki kamar magana, kowa ya san an gama.

Ya ce a wurin mahaifiyarsa ya koya. Yana ɗan shekara shida mahaifinsa ya fita teku da safe, ba a ga ko filafilin kwale-kwalensa ba. Tun daga lokacin in tana wanki ita take rerawa, in tana gyaran kifi ita. In ta zo layin ƙarshe sai ta faɗa ta goge hannu ta ci gaba da aikinta. Ta rasu watan Nuwamba, aka yi taron nan a Disamba.

"Da mahaifiyarki ta fara, na ji haushi, ba zan yi miki ƙarya ba," in ji shi. "Baiti biyu kawai haushin ya yi. Daga nan na manta da kaina. Ban taɓa jin an rera ta haka ba, ko a bakin uwata."

Na ce to me ya fitar da shi.

Ya ɗan jima yana murza kan sandar.

"Ta zo na ashirin da ɗaya. Ina jira ta sauke murya. Sai ba ta sauke ba. Ta ja numfashi ta wuce."

"Ta wuce ina?"

"Akwai sauran baiti uku, Loretta. Mu a nan ba mu da su. Wani cikin kakanninmu ya yar da su a hanya, su can gaɓar kudu suka riƙe." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ya dawo. Mutumin ya dawo. Bayan shekara bakwai, da furfura, yana ɗingishi, ya tsaya mata a bakin ƙofa."

Na zauna ban san na zauna ba.

"Shekara talatin da takwas uwata tana rera waƙar nan. Ta mutu ba ta san ya dawo ba."

Ya ce ji ya yi wani abu ya taso masa daga ƙirji, ya san in ya ƙara minti ɗaya zai fashe da kuka a gaban maza. A zamanin nan kuwa gara a ce ka faɗa ruwa. Shi ya sa ya fita. Bai ko je gida ba, bayan tarin itace ya laɓe cikin ƙanƙara yana kasa kunne ta jikin bango. Iska ta kwashe rabin kalmomin. Labarin ya ji, baitocin bai samu ba.

Na ce amma kowa ya ɗauka fushi ya yi.

Ya ce ya sani. Ya bar su a haka, don fushi ya fi kuka sauƙin ɗauka.

"To kai me ya hana ka ci gaba da rera taka?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa ruwa yake jiƙa mutum.

"Da wane bakin zan bar yarinya a tsaye bakin ruwa, bayan na san ya dawo?"

Jama'a, na zo da wuta, sai ga ni ina neman abin share hanci. Ya miƙo min nasa, wanda ban san yaushe rabonsa da wanki ba, na karɓa haka nan.

Da na ɗan dawo daidai na ce har yanzu da laifinsa. Gida tara ne tsakaninsa da mu. Mama ta sha aika masa burodi in ba shi da lafiya, shi ya sha kawo mana kifi. Mu mutanen nan za mu yi shekara hamsin muna gaisawa muna zancen iska da ruwa, abin da ke ci mana rai ba za mu taɓa shi ba. Me ya hana shi buɗe baki ya ce mata, Stasia, ban yi fushi ba?

"Na faɗa."

"Yaushe?"

"Washegari. Na aika a ce mata ba ta yi min laifin komai ba, roƙonta ma nake ta ba ni ukun nan. Bayan kwana biyu aka kawo min amsa, wai ta ce in rabu da ita, kada in ƙara ta da zancen. Na ce ta yi daidai, ni na kunyata ta a gaban dangin miji. Ban ƙara ba."

Na ce Mama ba za ta taɓa faɗin haka ba. Na ce ko jiya da na ambaci sunansa sai da ta ce mutumin kirki ne, ita ce ta taka shi, kuma bai yafe ba.

Ya tsaya cak.

"Haka ta ce?"

"Wa ka aika, Kawu?"

Ya kalle ni ya daɗe. Na ga idonsa ya sauya, irin na wanda ya tuno abu ya so a ce bai tuno ba. Cewa ya yi in miƙo masa hularsa, in kuma riƙe masa hannu a gangaren, don ƙafar hagun ba ta da amana.

*

Gida taran nan sai da muka yi kusan rabin awa. A hanya ya tsaya sau uku yana cewa ko mu bari sai gobe, ni kuma ina ce masa goben ta kwalaye ce.

Da muka iso bai tura ƙofa ba. Ya ɗaga sanda ya ƙwanƙwasa.

A Kelvy ba a ƙwanƙwasa ƙofa. Fada, limamin cocinmu, ne kawai yake yi, shi ma sai in mutuwa ya zo faɗa. Shi ya sa Mama ta buɗe da gari har gwiwar hannu, fuskarta duk ta tashi, tana tambaya wa ya rasu.

Ya ce ba kowa. Ya ce shi ne ya zo, in za a ba shi wuri.

Baba yana kan ɗan gadon kicin inda ya saba zama, yana saƙar raga da tabarau a kan hanci. Ya yi masa maraba, ya ce ashe mutanen Alberta suna tunawa da talakawa. Kawu Leander bai yi dariya ba. Ya ƙi zama. Ya cire hula ya riƙe da hannu biyu a gaban Mama, ya faɗa mata duk abin da ya faɗa min, tun daga mahaifinsa har bayan tarin itace. A gabanta bai ɓoye hawayen ba.

Mama tana tsaye tana ta goge hannu da tsumma, hannun da ya riga ya bushe.

"Ashe ba fushi ka yi ba," ta ce a hankali.

"Ko na rana ɗaya, Stasia. Ai na aiko miki."

"Ba abin da ya iso ni."

"An ce min kin ce in rabu da ke."

"Ni? Ni da na yi wata guda ina kuka a ɗaki ina neman yadda zan ba ka haƙuri?" Ta matso. "Wa ka aiko?"

Kawu Leander kansa kawai ya juya.

Na bi idonsa. Mama ma ta bi.

Baba ya daina saƙa.

Ku da ba ku san mahaifina ba, bari in gaya muku. Wannan mutumin ne yake tashi ya ɗumama wa Mama takalmi a gefen murhu kafin ta sa. Bai taɓa cin abinci ba ta zauna ba. Ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba, ko mu da muka isa a ɗaga mana bai iya ba. Da za a ce in rantse a kan mutum ɗaya a duniya, a kansa zan rantse. Na dinga roƙon Allah ya sa ya ce ƙarya ne.

"Fintan?" Mama ta kira sunan Baba.

Ya cire tabarau ya ajiye a kan ragar.

"Ya faɗa min," in ji Baba. "Muna saran itace a daji. Amsar da na kai masa kuma ni na ƙirƙira."

Ba wanda ya motsa. Butar shayi tana ta tafasa ba mai sauke ta.

Mama ba ta yi ihu ba, ni da na so ta yi. Tambaya ɗaya ta yi masa, me ya sa.

Ya kasa kallon ta. Hannunsa yake kallo.

"Ranar da kika rera, ni ba ke nake kallo ba, mutane nake kallo. Ba mai numfashi a ɗakin. Sai na ce a raina, Fintan, wannan ba ta zaman Kelvy ba ce. Wata rana wani zai ji ta ya kai ta birni, ta shiga rediyo, ta waiwayo ta ga abin da ta aura. Kwale-kwale ɗaya da hannu mai ƙarnin kifi. Da kika yi shiru, tsorona ya kwanta. Allah ya yafe min, daɗi na ji."

Ya ce ya yi niyyar faɗa mata bayan sati ɗaya. Sai ya ce bari sanyi ya wuce. Sai aka samu cikina. Kowace shekara maganar tana ƙara nauyi, har ta kai ba ya iya ɗaga ta. Ya ce duk ranar da ya gan ta tana jijjiga jariri baki a rufe, sai ya fita ya rasa inda zai sa kansa.

"Na bar uwata da ƙannena bakwai na biyo ka," in ji Mama. "Ba wanda ya ɗaure ni. Da ka tambaye ni, Fintan."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Da ka sani da ka tambaya."

Kawu Leander ya mai da hularsa. Ya ce shi ba ya zo ya rushe gida ba ne ana saura kwana biyu ya tafi, a yafe masa, ya ji abin da ya zo ji, ukun ma ya haƙura. Ya juya yana laluben ƙofa.

"Zauna, Kawu," in ji Mama.

Ya tsaya.

"Zauna na ce. Ba za ka tafi Alberta ka bar ta a bakin ruwa ba."

Ta jawo masa kujerarta ta kusa da murhu da hannunta. Ya zauna. Ni kuwa na ce yau zan ji. Na jingina da bango.

Amma ba ta rufe ido ba. Wajen Baba ta juya.

"Kana da su?"

Ya ɗago.

"Ukun. Sau nawa na rera maka a bakin ruwan gidanmu kana neman aurena? Kana da su ko babu?"

Ya ce yana da su. Ya ce bai taɓa fita teku ba tare da ya maimaita su a zuciyarsa ba, kullum, tun daga wancan sanyin.

"To kai ka riƙe masa. Kai za ka ba shi."

"Stasia, kin san ni ba na..."

"Na sani. Tashi."

Baba fa ba ya waƙa. Ko ta murnar ranar haihuwa ake yi wa jikokinsa, tafi ne nasa. Shi ne mutum ɗaya a Kelvy da aka haƙura da lallaɓawa tun yana saurayi.

Ya tashi. Ragar ta zame daga cinyarsa ta faɗi, bai ɗauka ba. Ya rasa yadda zai yi da hannuwansa, ya sa a aljihu ya fitar. Ya juya ya fuskanci bango. Kawu Leander ya sunkuyo gaba ya kafa tafin hannu a bayan kunnensa mai ji.

Muryar da ta fito ba ta da daɗi ko kaɗan. A shaƙe take, tana rawa, tana hawa inda ya kamata ta sauka. Ban taɓa jin abin da ya karya min zuciya kamarta ba.

"Shekara bakwai ruwa ya riƙe ni,
kaina ya yi fari, ƙafata ta gaji..."

Ya tsaya.

Ya koma farko. Ya sake zuwa wurin, ya sake tsayawa. Kafaɗunsa suka fara girgiza. Ba mantawa ya yi ba, na ga bakinsa yana motsi, muryar ce ta ƙi fita. Kawu Leander yana nan da hannu a kunne yana jiran layi na uku.

Baba ya juyo. Fuskarsa sharkaf.

"Stasia," ya ce. "Na kasa. Taimake ni."

Mama ta dube shi. Ban iya karanta fuskarta ba, ni da nake cewa ba abin da take ɓoye min. Ta dubi tsohon da ke kan kujerarta. Sannan ta dube ni, ta daɗe tana kallona, har na ji kamar ni ce jaririyar.

Ta ajiye tsumman a kan tebur.

Ta rufe ido, ta ja numfashi.